Ya ce in na gaji in fanshi kaina: me zan tanada kafin auren ya mutu?

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 34, aurena shekara 11, 'ya'yanmu uku: mace mai shekara 9, namiji mai shekara 6, da na goye ɗan wata 14. A Kano muke, a gidan haya. Ya taɓa yi min saki ɗaya shekara huɗu da suka wuce, ya mayar da ni ina cikin idda. Yanzu kusan shekara biyu ke nan cefane sai ranar da ya ga dama, alhali shagonsa yana tafiya. Ni ke riƙe da gidan da albashin koyarwa a wata makarantar kuɗi, naira dubu 45, da abin da nake samu a zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. In na yi magana sai ya ce ƙofa a buɗe take, in na gaji in fanshi kaina, amma yara ba inda za su. Shekara uku da suka wuce na sayar da sarƙar gwal ɗina da awarwaro na ba shi kuɗin, ya haɗa da nasa ya sayi fili a bayan gari, takardar kuma sunansa ne a kai. Ko layin da alat ɗin bankina ke shiga, shi ya yi masa rajista. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata tana zaune a gidan yayana da matarsa da yaransu. Ban gaya wa kowa ba saboda rufin asiri. Raina ya ba ni auren nan ya zo ƙarshe, amma da na fara tunanin tanadi sai in ji kamar ni ce nake kira wa kaina saki. Me zan yi? Kuma da gaske zai iya ƙwace min yara?

Maman yara uku, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ya fi damun zuciyarki. Tanadi ba ya kiran saki. Allah da ya halatta aure shi ya saukar da sura guda mai suna Suratuɗ Ɗalaƙ, ya tsara a cikinta inda matar da aka saka za ta zauna, wanda zai ciyar da ita, da ladan shayarwarta. Macen da ta nemi sanin wannan tun tana ɗakinta ba ta yi laifi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In Allah ya gyara tsakaninku, duk abin da zan faɗa miki ba zai cutar da auren ba. In kuwa zaman ya ƙare, ba za ki fita da mayafi da kuka kaɗai ba.

Ki tsaya ki dubi maganar nan tasa da kyau, "ki fanshi kanki". Magana ce ta kuɗi, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙofofin fita daga aure ba ɗaya ba ne, kuma kowace da abin da mace ke fita da shi. In shi ya sake ki, wannan zai zama saki na biyu, mai kome. Ba ki mayar masa da ko sisi, sadakinki naki ne, kuma ci da sha da wurin kwana duk a kansa suke har ki gama idda. In ke kika nemi khul'i, wato fansar kai, ke za ki biya, yawanci sadaki ko abin da aka daidaita a kai, kamar yadda matar Sabit ɗan Ƙais ta mayar masa da gonarsa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A irin wannan ne za ki ga namiji ya zo gaban alƙali da doguwar takarda, ya lissafo lefe da kuɗin gaisuwar iyaye da na sa rana, sai alƙali ya zauna yana tacewa. Bayan khul'i kuma, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wurin zama kawai gare ki a lokacin idda, babu ciyarwa sai in akwai ciki. Akwai ƙofa ta uku wadda mata da yawa ba su san da ita ba: alƙali yana da ikon raba aure saboda rashin ciyarwa ko saboda cutarwa, ba tare da mace ta biya komai ba. Har ma malamanmu sun ce in ta tabbata cewa ƙuntata mata aka yi don ta fanshi kanta, sakin ya zauna, kuɗin kuma a mayar mata. Saboda haka kada ɓacin rai ya sa ki sayi abin da shari'a za ta iya ba ki kyauta.

Sai dai wannan ƙofa ta uku da hujja ake buɗe ta, kuma a nan ne shirunki yake neman cutar da ke. Muddin kuna gida ɗaya, in ya ce yana ciyarwa ya rantse, maganarsa alƙali zai fi karɓa sai kin kawo abin da ya rushe ta. Shekara biyu kina rufa masa asiri, to wa zai tsaya ya ce ya sani? Na san tarbiyyar da aka yi mana ke nan, kada a ji kanku, kada a ga wallenku. Tarbiyya ce mai kyau a wurin saɓanin yau da gobe. Amma hana abinci ba saɓani ba ne, haƙƙi ne aka danne. Malikiyya sun yi sauƙi a nan, suna karɓar shaidun da suka gani, suna kuma karɓar labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta da 'yan uwa cewa wance ana cutar da ita. Ban ce ki bi gida gida kina tallar mijinki ba. Mutum biyu ko uku masu mutunci sun isa: yayanki, baffanki in yana raye, da wani babba a danginsa wanda yake jin nauyinsa. Mai shagon da kike karɓar shinkafa bashi a wurinsa, da maƙwabciyar da take ganin ke ce mai aiken awo, su ma shaidu ne ba tare da kin roƙe su ba.

Ki sayi ƙaramin littafi ki fara rubutawa daga yau: ranar da ya ba da cefane da nawa ya bayar, abin da kika kashe na abinci, na makaranta, na asibiti. Abin da miji mai hali ya ƙi bayarwa na ciyarwa bashi ne a kansa, ana iya nemansa ko bayan rabuwa. Saƙonnin da yake turo miki a waya, musamman masu cewa ki fanshi kanki, kada ki goge su don haushi. Ki ɗauki hotonsu ki tura wa yayanki ya ajiye.

Daga nan sai a yi zama. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma ina so ki shiga zaman nan da niyyar gyara ta gaskiya, domin na ga auren da ya fi naki lalacewa ya miƙe bayan manya sun tsawata. In gida ya gagara, akwai Hisbah, hedikwatarsu tana Sharaɗa kuma suna da ofis a ƙananan hukumomi. Sukan kira miji, su yi sulhu, a rubuta yarjejeniya. Raba aure dai aikin alƙali ne a kotun shari'ar Musulunci, amma takardar da aka rubuta a wurin sulhu tana da amfani ranar da aka je can.

A wannan zaman ne za ki tayar da maganar filin, kuma ita ce na fi jiye miki. Mu cire wani tunani tukuna: a shari'ar Musulunci ba a raba dukiyar miji biyu a ba mace rabi don an rabu, kamar yadda ake jin labari a Ingila ko Amurka. Nasa nasa ne, naki naki ne. Amfanin wannan shi ne gwal ɗinki bai zama nasa ba don kawai kina aurensa. Abin tambaya shi ne, da wane suna kika ba shi kuɗin? Rance ne, ko tarayya kuka yi a filin, ko kyauta? Shi zai ce kyauta ce. Ke ce mai da'awa, hujja a kanki take, shi kuma rantsuwa. Ki nemo rasit ɗin da mai gwal ya ba ki in kina da shi, ko ki koma shagon ki tuna masa, domin yawancinsu suna da littafi. In ta banki kika tura kuɗin, ki je reshenku ki nemi takardar shige da ficen kuɗi ta wannan shekarar. Ki tuna wa ya raka ki kasuwa, wa ke wurin da kika miƙa, wane dillali ya haɗa cinikin, wane mai unguwa ya sa hannu. A sha'anin dukiya Malikiyya suna karɓar shaida ɗaya namiji tare da rantsuwar mai da'awa, don haka kada ki yanke ƙauna don shaidarki ɗaya ce. Amma mafi sauƙi a kan duk wannan shi ne ya amsa da bakinsa a gaban manya tun yanzu, kafin zuciya ta ƙeƙashe, a rubuta, shaidu su sa hannu: ko a yanka miki kasonki a filin, ko ya biya ki. In da hali ki nemi kaso a filin, ko a ƙiyasta da nauyin gwal ɗin, domin naira ta shekara uku da suka wuce ba ita ce ta yau ba, kowa ya ga yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware mata da miji ba.

Haka kayan cikin gida. Gado da kujeru da kayan kicin da iyayenki suka yi miki jere da su, ba mai musu a kansu. Rigimar tana kan abin da kika saya daga baya. Ƙa'idar da alƙalai ke bi in babu shaida ita ce, abin da aka san na mata ne a ba mace, abin da aka san na maza ne ko wanda kowa ke amfani da shi a ba namiji bayan ya rantse. Firiza da janareta da talabijin a wannan rukunin na biyu suke. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta rasa firizar da ta saya da kuɗin adashinta, don ranar sayen mijin ta aika kasuwa, aka rubuta rasit da sunansa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin da ita take ciyar da 'ya'yansa. Ki duba rasit ɗin taki yau ɗin nan. In babu, uwar adashin da kika kwasa a wurinta kika saya ta san zancen, ki tuna mata.

Layin waya kuwa, wannan aikin wuni ɗaya ne, kuma shi za ki fara yi. Ki ɗauki lambar NIN ɗinki ki je ofishin kamfanin waya ki yi sabon layi da sunanki. Ki wuce banki ki cike takardar sauya lambar da ke kan asusunki da kan BVN ɗinki, ki sauya lambar sirrin katinki. Wanda layi ke da sunansa yana iya zuwa ya ce ya ɓata a sake masa wani, daga nan saƙonnin kuɗinki sun koma hannunsa. Masu sayen zoɓo da ƙanƙara ki ba su sabuwar lamba tun yanzu. Takardunki na makaranta, takardar ɗaukar aiki, takardun haihuwar yara da katin rigakafin na goye, ki yi musu kwafi, ki kai na asalin wurin mahaifiyarki. Wannan ba sata ba ce, naki ne da na 'ya'yanki. Amma kuɗinsa da kayan shagonsa kada ki taɓa, ko kina ganin kina binsa. Ranar da aka ce kin ɗauka, duk gaskiyarki sai ta dusashe.

Zancen yara. A'a, ba haka shari'a ta ce ba, ko da yake haka aka saba yi a garuruwanmu har mutane suka ɗauka addini ne. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya faɗa ƙarara cewa riƙon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ciyar da su da tufafinsu da wurin kwanansu da maganinsu a kan uba suke, gwargwadon ƙarfinsa, ko suna hannunki. Na goyen ma, in aure ya yanke, kina da damar karɓar ladan shayarwa. Shi kuma yana nan a matsayin ubansu kuma waliyyinsu, yana da haƙƙin ganinsu da sa ido a kan karatunsu, kada ki hana shi, kada kuma ki mayar da babbar 'yarki 'yar aike tsakaninku. Abubuwan da ke iya fitar da riƙo daga hannunki ki san su: in kika yi wani auren kika tare, riƙo yana komawa ga mahaifiyarki kafin kowa, in kika ƙaura da su wani gari mai nisa, yana iya kai ƙara, haka in aka tabbatar ba a kula da su. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne, a wurin khul'i akan ce wa mace an yafe mata kuɗi in ta bar yara, ko ta ɗauki nauyin ciyar da su. In kika amsa, sharaɗin yana iya zama a kanki. Kada ki sa hannu a kan kowace takarda ranar da aka miƙo miki ita, ko waye ya miƙo. Ki ce sai kin yi shawara. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana da reshe a Kano, haka Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, kuma an kafa su ne don irin wanda ba shi da kuɗin lauya.

In aka kai ga yanka kuɗin yara, kada ki yarda da "zan riƙa yi daidai gwargwado". A faɗi adadi, a faɗi ranar wata, a ware kuɗin makaranta da na asibiti da kayan sallah daban, kuma ta banki za a riƙa turowa don ya zama akwai shaida. In tsada ta cinye adadin, ana komawa kotu a nemi ƙari. Duk da haka zan gaya miki gaskiya: ki tsara rayuwarki kamar kuɗin nan zai riƙa makara, domin wanda ya hana cefane kina ɗakinsa ba lallai ya zama mai cika alkawari bayan kin fita ba.

Shi ya sa lissafinki na kanki ya fi komai. Dubu 45 ba ta kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 ba, amma da ita da firizar nan kika riƙe mutum huɗu shekara biyu. Kin riga kin san za ki iya ciyarwa. Abin da zai zama sabo a kanki shi ne muhalli. Haya a nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga masu gidan da ba sa son ba wa mace mara miji sai namiji ya tsaya mata. Ki zauna da yayanki, ki zauna da matarsa ita ma, domin ita za ta raba kicin da ke. Ki faɗa musu wata nawa kike nema, da abin da za ki riƙa kawowa na cefane, ko kaɗan ne. Zaman da aka san ranar ƙarewarsa ya fi daɗewa cikin mutunci. Ki tambayi yanayin wutar unguwarsu da nisanta da makarantar da kike koyarwa, domin kuɗin adaidaita sahu kullum zai iya cinye ribar zoɓon. In kina cikin adashi, ki roƙi a sa kwasarki ta zo nan da 'yan watanni, ta shiga sabon asusun, ki sa mata suna kuɗin haya, kada ki taɓa. Jarin sana'a shi ma daban, ko an shiga matsi kada a ci shi. Bashin nan na manhajojin waya ki nisance shi, ruwa ne a kansa, kuma in aka makara sukan bi lambobin mutanenki suna tozarta ki. Ranar kwashe kaya, kujeru da kabet ɗin da ba wurin sa su gara ki sayar da kanki a natse tun suna da kyau, da a jibge su a zaure damina ta lalata, daga baya dillaliya ta saya a wulaƙance. Firiza da tukwane da katifa su ne ba a sayarwa.

Kada ki yi yaji. In kika fita da kanki ba da izini ba, kin ba shi abin faɗa, zai ce ke kika ƙi zama, ciyarwa ta faɗi. Ko sakin ya auku, ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu kuma kada su fita. Al'adar "tattara ki tafi gidanku" a daren da aka yi saki ta saɓa wa ayar, kuma mace take cuta: kwanakin idda su ne lokacin da za ki nemi ɗaki, yara su ƙarasa zangon karatu, a kwashe kaya da rana a gaban shaidun ɓangare biyu. Idda tsarki uku ce, amma tunda kina shayarwa, in al'adarki ba ta dawo ba tana iya yin tsawo, sai ki kai wa malami ranakunki ya lissafa miki. Ki karɓi takardar saki mai kwanan wata da adadin sakin, da shaidu, ki yi mata kwafi. In ta waya ya turo, ki adana saƙon ki nuna wa yayanki a ranar. Mata da yawa sun gama idda, wani ya fito, sai tsohon miji ya ce shi bai saka ba ko ya yi kome.

Wannan maganar ta zama a gida tana da iyaka guda. Ba ki ce yana dukanki ba, ina fata babu. In akwai, ko ya fara yi miki barazana bayan an yi zaman, ki ɗauki yaranki ki tafi wurin yayanki a ranar, ki je asibiti a duba ki a rubuta, sannan a sanar da Hisbah ko kotu dalilin fitarki.

Kafin duk wannan, ki shirya ranar Asabar ki je wurin mahaifiyarki ki gaya mata komai, har zancen gwal ɗin. Na san kina gudun ɗaga mata hankali, amma ita ce mai riƙon yaran nan bayanki a shari'a, kuma ita za ta sa yayanki ya tashi tsaye. Bayan an yi zaman, ki sake rubuto min abin da ya ce a kan filin. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya raya miki zuri'a.